Kalmar "Kunya" a Hausar Yau da Kullum: Rassan Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita a Kausani ta Ƙasar Wudil

Tsakure

Kunya na cikin kalmomin da Bahaushe ke tashi da su tun yana ƙarami, amma ma'anarta ba ta tsaya wuri guda ba. Da ita ake yabon mutum, da ita kuma ake aibata shi. Wannan maƙala ta nazarci yadda kalma guda ta ɗauki waɗannan fuskoki, ta hanyar duba kalmomin da ke rakiyarta a cikin jimla da muhallan da ake furta ta a zaman yau da kullum irin na Kausani, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano. Maƙalar ta nuna cewa kalmar na da rassa uku, wato kunyar tarbiyya da kunyar hakki da kunyar tozarta, kuma aikatau da mahaɗin da suka zo tare da ita su ne ke fayyace reshen da ake nufi. Daga ƙarshe an yi nuni da cutarwar da kan biyo baya idan tsoron tozarta ya fake a bayan kunyar tarbiyya.

Muhimman kalmomi: kunya, abin kunya, alkunya, ilimin ma'ana, Hausar Kano

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce "Yarinyar nan tana da kunya," an yabe ta, an kuma yabi gidan da ta fito. Idan aka ce "Yarinyar nan ta yi abin kunya," an kai ta ƙasa, har da iyayenta. Kalma ɗaya ce a cikin jimlolin biyu, kuma babu Bahaushen da zai ruɗe a tsakaninsu. Tambayar da ke gaban mai nazarin ma'ana ita ce: me ke sa mai sauraro ya gane wadda ake nufi nan take, kuma me ya sa harshen bai ga buƙatar raba su da kalmomi biyu ba?

Tambayar na da nauyi a wajen masu fassara da masu tsara ƙamus da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, domin dukkansu na cin karo da kalmar a bakin jama'a. Wanda ya ɗauki "tana jin kunyar surukarta" a matsayin alamar tsoro ko ƙasƙanci ya yi wa al'adar mummunar fahimta. Haka nan wanda ya ɗauki duk wani shiru da aka laƙaba wa sunan kunya a matsayin kyakkyawar tarbiyya, zai iya yaba abin da ke cutar da mai shi.

An jingina bayanin da Kausani, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil. Wudil na kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi gabas, kimanin kilomita 40 daga birni, ta kuma shahara da kasuwarta ta ranar Juma'a, musamman karar shanu. Yanki ne na noma da kiwo inda Hausawa da Fulani suka daɗe da cuɗanya, kuma har yanzu zaman babban gida mai sassa da yawa bai gushe ba. A irin wannan zama, inda suruka da matar ɗa ke kwana cikin katanga ɗaya, kalmar kunya ke aiki tun daga safe har dare. Misalan da aka kawo jimloli ne na yau da kullum na Hausar Kano, wadda ita ce Hausar yankin.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Manyan ƙamusoshin Hausa duk sun kawo wannan kalma, tun daga na Bargery (1934) da na Abraham (1949), zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) da na Newman (2007). Abin lura a ƙamusoshin da ke fassara zuwa Ingilishi shi ne, kalma guda ba ta isar su. Dole sai sun jero kalmomi daban-daban kafin su kewaye ma'anar.

Ta fuskar al'ada, Kirk-Greene (1974) a cikin Mutumin Kirkii ya lissafa siffofi goma da Bahaushe ke auna nagartar mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A can kunya ta fito ne a matsayin ado. Littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954), wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau kamar yadda ta bayar da bakinta, ya nuna kunya a matsayin ƙa'idar zama tsakanin wasu dangi, musamman uwa da ɗanta na fari. Shi kuwa Wall (1998) ya dube ta daga ɓangaren lafiyar mata masu haihuwa. A maƙwabta, Riesman (1977) ya yi bayanin semteende a wajen Fulanin Jelgoji na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, kalmar da ke da kusanci ƙwarai da kunya, kuma ɗaya ce daga cikin ginshiƙan pulaaku.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya kama reshe guda ya yi masa adalci. Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne nuna yadda harshen kansa ke raba rassan, da kuma abin da ya haɗa su.

3.0 Siga da Tsirar Kalmar

Kunya suna ne na tamata, shi ya sa ake cewa "kunya ta kama shi" kuma take ɗaukar mahaɗin -r, kamar a "kunyar ido". A karin harshen yamma, irin na Sakkwato, ana furta ta kumya. Akwai wata kalma mai rubutu iri ɗaya da ita, wato kunya ta gona, wadda manomin Kausani ke tayarwa da garma. Karin sauti ne ke bambanta su a baki, sannan ta gona na da jam'i (kunyoyi), ita kuwa ta halayya ba a jam'inta ta a magana ta yau da kullum.

Daga wannan suna aka tsirar da aikatau kunyata, wanda kan zo da karɓau ("Ya kunyata ni") ko ba tare da shi ba ("Ya kunyata a gaban jama'a"), da kuma kunyatar da. Muhimmin abu a nan shi ne, duk aikatan da suka tsira daga kalmar reshen tozarta kaɗai suka ɗauka. Ba a cewa "ta kunyata mijinta" da nufin ta girmama shi. Idan girmamawa ake nufi, dole a koma ga sunan a haɗa shi da ji: "tana jin kunyar mijinta."

Akwai kuma alkunya, wadda a siga ta yi kama da kalmomin aro masu farawa da al-, irin su alƙalami da alhaki, alhali gindinta kunya ce. Ita kuma reshen yabo kaɗai ta ɗauka: yin alkunya shi ne mutum ya danne sha'awarsa ko ya kau da kai daga abin da yake da hakki a kansa, don nuna kara. Baƙon da aka kawo wa abinci ya ce ya ƙoshi alhali da yunwa ya iso, alkunya ya yi. Ke nan tsirar kalmar ta rarrabe abin da gindin ya haɗe: aikatau ya tafi da zargi, alkunya ta tafi da yabo.

4.0 Rassan Ma'anar Kunya

4.1 Kunyar Tarbiyya

Wannan ita ce kunyar da ke zuwa kafin aiki, ta hana shi aukuwa. Hali ce da ake da shi, shi ya sa take tafiya da da da mai:

(1) Amaryar Audu tana da kunya.
(2) Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da manya.
(3) Ina jin kunyar Malam, ba zan iya cin abinci a gabansa ba.

A misali na (3) an ɗaure kunya da mutum ta hanyar mahaɗi. Duk inda aka sami wannan gini, wato ji + kunyar + mutum, ma'anar ita ce ganin girma. Abokiyar tafiyarta a nan ita ce nauyi, domin "ina jin nauyinsa" da "ina jin kunyarsa" kan maye gurbin juna a wurare da dama, sai dai nauyi ya fi karkata ga kwarjinin wanda ake ji, kunya kuwa ga dangantakar da ke tsakani.

Wannan reshe ne ake korewa idan aka ce rashin kunya ko marar kunya. Marar kunya shi ne wanda ya rasa birkin da ke hana shi, kuma 'yan uwan kalmar su ne fitsara da tsiwa da tsaurin ido da rashin ta ido.

4.2 Kunyar Hakki

Wannan reshe bai sami kulawar manazarta kamar sauran biyun ba, alhali ya cika bakin magidanta. A nan kunya na nufin wani nauyi da ke wuyan mutum, wanda jama'a ke zuba ido su ga ko zai sauke. Aikatan da ke rakiyarta su ne fita da fitar (fid da):

(4) Ya yi ɗinkin sallah, ya fita kunyar iyalinsa.
(5) Ƙanena ya fid da ni kunya ranar bikin nan.
(6) Allah ya fid da mu kunyar baƙi.

A nan an ɗauki kunya tamkar wani wuri da mutum ke ciki har sai ya cika abin da ake tsammani daga gare shi. Manomin da ya sayar da sa a kasuwar Wudil don ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, in an tambaye shi zai ce so yake ya fita kunya. Bai aikata laifi ba, ba kuma girman wani mutum guda yake gani ba. Bashi ne na zamantakewa yake biya. Irin wannan kunya ce ke sa a kai gudummawar biki, a je gaisuwar mutuwa a ƙauyen da ke nesa, a yanka kaza don baƙo ko da ita kaɗai ta rage.

4.3 Kunyar Tozarta

Wannan ita ce kunyar da ke zuwa bayan aiki, idan abin da ya kamata ya ɓoyu ya bayyana, ko abin da ya kamata a yi aka kasa. A nan kalmar kan zama abin da ake sha, ko ake bayarwa, ko kuma ita kanta ta zama aikau mai kamu:

(7) Ya sha kunya da aka kama shi da mudun da bai cika ba.
(8) Ka ba ni kunya, wallahi.
(9) Kunya ta lulluɓe shi, kamar ƙasa ta tsage ya shige.
(10) Sun jawo wa gidansu abin kunya.

Sha shi ne aikatau da Hausa ke haɗawa da wahala da duka da kaye, don haka zuwansa tare da kunya na nuna an ɗauke ta a matsayin azaba. Ba da kunya kuwa na nuna cewa tozarta ba ta tsayawa a kan mai laifi. Takan tsallaka zuwa ga wanda ya haife shi, ko ya koyar da shi, ko ya tsaya masa. Shi ya sa uba ke ce wa ɗansa "ka ba ni kunya" alhali shi uban bai yi komai ba.

Abin kunya kuma ya zama sakaya. Idan aka ce budurwa "ta yi abin kunya" ba tare da ƙarin bayani ba, mafi yawan masu sauraro za su fahimci cikin da ba na aure ba ake nufi. Idan ana son kai zargi maƙura sai a ce abin kunyar da ko kare ba zai ci ba. Kalmomin da ke maƙwabtaka da wannan reshe sun haɗa da fallasa da tonon asiri da terere da muzantawa da wulaƙanci da zubewar mutunci, kishiyarsu kuma ita ce rufin asiri.

4.4 Gwajin Jimloli Masu Kama da Juna

Ƙaramin sauyi a ginin jimla na iya mayar da yabo zargi:

(11a) Ya ji kunyar malaminsa.
(11b) Ya ji kunya a gaban malaminsa.
(11c) Ya fita kunyar malaminsa.
(11d) Ya ba malaminsa kunya.

A (11a) ɗalibin ya ga girman malamin ya fasa wani abu. A (11b) asirinsa ne ya tonu malamin na kallo. A (11c) ya yi abin da malamin ke fata, a (11d) kuwa ya watsa masa ƙasa a ido. Wannan na nuna cewa ƙamusun da ya jera ma'anonin kunya ba tare da aikatan da ke rakiyarta ba ya bar mai koyo a rabin hanya.

4.5 Abin da Ya Haɗa Rassan: Ido

Dalilin da ya sa Hausa ba ta raba kalmar gida uku ba shi ne, tushen rassan ɗaya ne: sanin cewa akwai idon da ke kan mutum, kuma idon na da daraja a wurinsa. Kafin aiki, wannan sani kan hana. A lokacin hidima, yakan tilasta. Bayan kuskure, yakan hukunta. Harshen ya bar shaidar haka a fili, domin kusan duk maganganun rashin kunya a kan ido aka gina su: tsaurin ido, bushewar ido, rashin ta ido, ido a tsakar ka. Alamomin kunya a jiki su ma na guje wa ido ne: sunkuyar da kai, rufe fuska da gefen mayafi, sosa ƙeya. Karin maganar nan da ke cewa "tsoro na daji, kunya na gida" ta tabbatar da haka, domin a inda aka san mutum ne ido ke da nauyi.

Benedict (1946), a nazarinta kan mutanen Japan, ta raba al'ummu zuwa masu dogaro da idon jama'a wajen tsare ɗabi'a da masu dogaro da zargin zuci. Wanda ya ga rawar da ido ke takawa a Hausa zai yi saurin jefa Hausawa a kashin farko. Amma harshen bai yarda da wannan rabo gaba ɗaya ba. Bahaushe kan ce "ka ji kunyar Allah," yakan zargi mutum da cewa "ba kunya ba tsoron Allah," yakan kuma roƙi tsari daga kunyar duniya da ta lahira. Idon da ake jin kunya ya haɗa da wanda ke gani ko babu kowa a wurin.

5.0 Kunya a Zaman Gida

A gidajen gargajiya irin na Kausani da kewaye, kunya na da mutanenta sanannu. Na farko shi ne ɗan fari. Iyaye, musamman uwa, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna damuwa a fili idan ya yi rashin lafiya. Uwa kan ce "yaron nan" ko "wannan", kuma sau da yawa kaka ko gwaggo ce ke ɗaukar riƙonsa bayan yaye. Baƙon al'ada zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali kowa a gidan ya san alkunya ce, kuma uwar da ta rungumi ɗan farinta a gaban surukai ita za a yi wa dariya.

Na biyu su ne surukai. Namiji kan tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa in zai gai da iyayen matarsa, ba ya cin abinci a gabansu, wani ma kan sauya hanya don kada su yi kiciɓis. Matar ɗa ba ta kiran sunan uban miji ko uwar miji. Na uku shi ne miji, wanda mace kan kira da Malam ko Alhaji ko maigida ko baban wane, in kuma tana ba da labarinsa ta ce "shi".

Wannan ƙa'ida ta haifar da tarin sunaye a Hausa. Idan aka sa wa jariri sunan kakansa, iyayensa ba za su iya kiran sunan ba, sai a laƙaba masa Abba ko Baba ko Baffa ko Abbati. Idan mace ce mai sunan kaka, sai ta zama Ummi ko Mama ko Inna ko Iya. Da yawan mutanen da aka sani da waɗannan sunaye har tsufansu, kunyar iyayensu ce ta raɗa musu.

A bukukuwan aure ma haka abin yake. Kukan amarya ranar kai ta, da lulluɓin da take yi, da shirun da sai an yi sayen baki take karyawa, da buɗar kai da ke biyo baya, duk matakai ne na nuna kunya da kuma sassauta ta sannu a hankali.

Sai dai al'adar da ta kafa mutanen kunya ita ce kuma ta kafa abokan wasa. Jika kan ce wa kakarsa "matata", kaka ta ce masa "mijin banza, ina cefane?" Taubasai kan yi wa juna ba'a son ransu, haka Kanawa da Zagezagi, haka Fulani da Barebari. Maganar da in an faɗa wa suruki za ta zama fitsara, in an faɗa wa kaka nishaɗi ce. Wannan na nuna cewa kunyar tarbiyya ilimi ne na sanin wa ake ji da wa ba a ji, kuma yaron da ke noƙewa a gaban kowa da kowa ba a ce masa mai kunya kawai. Akan ce ya cika noƙe-noƙe, ko a kira shi sakarai.

6.0 Iyakokin Kunya a Karin Magana da Addini

Bahaushe bai bar kunya ba linzami. "Kunyar marar kunya asara ce" na koyar da cewa kara ana yi wa wanda ya san ta ne. Mai bin bashin da ke jin kunyar tambaya, alhali wanda ya ci bashin ba ya jin kunyar hanawa, shi ke kwana da hasara. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi" na nuna akwai lokacin da larura ke ɗage kunya. "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa" kuwa na kira ne ga faɗin abin da ke damun mutum. Harshen ya kuma lura da dabarun wanda ya sha kunya ya ƙi karɓa: borin kunya shi ne faɗan da mai laifi ke tayarwa don ya rufe laifinsa, kuma a kansa ake cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Musulunci ya ƙarfafa reshen farko. Larabci na kiran sa haya'u, ya kuma ware wasu kalmomi dabam ga tozarta, irin su fadiha. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya sanya kunya cikin rassan imani, kuma hadisi na 20 a Arba'una ta Imam Nawawi, wadda ake karantawa a makarantun Islamiyya da na zaure, ya nuna cewa wanda kunya ta fita daga gare shi babu sauran abin da zai tsayar da shi. Amma a cikin ruwayoyin akwai yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar hukunce-hukuncen addini ba. Daga nan ne maganar da malamai kan buɗe karatun tsarki da ita, cewa babu kunya a sha'anin addini, ta sami gindin zama. Da aka fassara haya'u da kunya, darajar da addini ya ba reshe guda sai ta zama tana iya yaɗuwa a kan sauran rassan a fahimtar wanda bai tantance ba.

7.0 Inda Rassan Ke Cakuɗa

A nan ne nazarin ma'ana ke taɓa rayuwar mutane kai tsaye. Tun da kalma ɗaya ce, mai gudun tozarta na iya cewa "kunya nake ji," mai sauraro kuma ya ji shi da kunnen yabo.

Misali na farko shi ne haihuwar fari. Al'ada ta so mai cikin fari ta ɓoye cikinta, kada ta yi zancensa, kada kuma ta yi raki idan naƙuda ta zo. Wall (1998) ya nuna cewa wannan shiru na cikin abubuwan da ke jinkirta neman taimako idan naƙuda ta yi tsawo, kuma doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari. Cibiyoyin da ke kula da masu wannan lalura, kamar ta Babbar Ruga a Katsina da Cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala Muhammad a Kano, shaida ce ta girman matsalar. Abin tausayi shi ne, yarinyar da kunyar tarbiyya ta hana ta cewa tana ciwo, ita ce daga baya kunyar tozarta kan hana ta shiga mutane.

Misali na biyu shi ne fyaɗe. Idan iyali suka zaɓi yin shiru "don gudun abin kunya", harshen da suka yi amfani da shi ya ɗauke tozartar daga kan wanda ya aikata ya ɗora ta a kan wadda aka zalunta. Bisa ƙa'idar kalmar kanta, mai yin abin kunya shi ne aikau, kuma a nan yarinyar ba ita ce aikau ba. Kiran wannan shiru da rufin asiri na rufe asirin mai laifi ne.

Misali na uku ya shafi kunyar hakki. Fita kunya abin so ne, amma idan ma'aunin kayan ɗaki da lefe da gara ya wuce ƙarfin talaka, magidanci kan sayar da gona ko ya ci bashi don kada a ce ya gaza. A nan tsoron reshe na uku ne ke tuƙa reshe na biyu.

Zamani ya ƙara wani abu. Da can idon da ake jin kunya na unguwa ne da dangi, masu iya tsawatarwa su kuma rufa asiri. Yanzu wayar hannu da Facebook da TikTok sun faɗaɗa idon zuwa ga dubban mutanen da ba su san mutum ba, ba kuma su da hakkin rufa masa asiri. Sakamakon haka tozarta ta yi arha, ta kuma daɗe ba ta goge ba, yayin da mai rubutu a bayan allon waya, da yake ba ya haɗa ido da kowa, kan faɗi abin da ba zai iya faɗa a zaure ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kunya kalma ce mai rassa uku da suka tsiro daga tushe guda, wato darajar idon da ke kallo. Kunyar tarbiyya na tafiya da da da mai da kuma ji tare da mahaɗi. Kunyar hakki na tafiya da fita da fid da. Kunyar tozarta na tafiya da sha da ba da abin da kuma aikatau kunyata. An ga yadda zaman gida irin na Kausani ke ware mutanen kunya da abokan wasa, da yadda karin magana da addini suka shata wa kunya iyaka.

Bisa wannan, ana ba masu tsara ƙamus shawarar su riƙa shigar da kalmar tare da aikatan da ke rakiyarta, kowane gini da ma'anarsa. Masu fassara su dubi ginin jimla kafin su zaɓi kalma. Masu wayar da kai a fannin lafiya kuwa, kiran jama'a su "daina jin kunya" kan faɗa a kunnen dattawa tamkar kira zuwa ga fitsara. Zai fi karɓuwa idan aka yi amfani da iyakokin da al'adar da addinin suka riga suka tanada, irin su ranar wanka da tambayar matan Ansar. Akwai kuma buƙatar a kwatanta waɗannan gine-gine da na karin harsunan Sakkwato da Katsina da Damagaram, da kuma na Fulfulden yankin Wudil, don a ga ko rassan uku na nan yadda suke a ko'ina.